Injin dizal ya ƙi tashi? Bi wayoyin kwamfuta kafin ka canza ta

A garejin sana'iyyar Jidda, wato unguwar makanikai, sau da yawa kwamfutar inji (akwatin da ke sarrafa aikin injin) da aka ce ta ƙone lafiyarta ƙalau, waya ce ta ci amana. Matakan nan na mota mai batir ɗaya ne, irin Hilux.

1. Auna batir: 12.6 volt a cike. Ana buga kik kada ya sauka ƙasa da 9.6, don in wuta ta yi ƙasa, kwamfuta ba za ta buɗe injekta, masu fesa mai cikin inji, ba.

2. Murɗa makulli. Fitilar inji ba ta kama ba? Duba fis da rile na kwamfuta.

3. Wayar at, wato wayar nagatif da ake ɗaurewa a jikin mota ko inji, nan ne matattarar matsala. Ɗora mita tsakanin at ɗin kwamfuta da kan batir na nagatif, wani ya buga kik. Ya haura 0.2 volt, kwance kusoshi ka goge wurin har ya yi ƙyalli. Raɓar teku mai gishiri tana sa filogi yin kore-kore, zafi kuma na farfasa robar waya inda take gogar inji.

4. Cire kan batir, ka auna lamba 6 da 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar binciken mota. 60 ohm daidai ne. 120 na nufin layin CAN, wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu, ya katse.

5. Mayar da kan batir, haɗa sikana (na'urar binciken) a soket ɗin, buga kik. In RPM, wato ƙidayar juyawar inji, ya tsaya a sifili, bi wayar sensar kiranshaf, mai gaya wa kwamfuta inji na juyawa, ka girgiza ta kana kallon mita. Don Allah kada ka huda roba da allura, ta nan tsatsa ke shiga.