Kurakuran da muke yi in mun ga bajon harbi a ƙirjin soja

Sau da yawa za ka ga an turo hoton wani sojan Amurka sanye da kakin fareti, ƙirji cike da ƙarafuna suna reto, sai mutanenmu su hau sharhi, wai wannan ai ya kashe mutum ɗari, wai wancan ƙarfen mai kama da kuros na yaƙin Iraƙi ne. Toh a yi haƙuri, yawancin abin da ke reto a kan murfin aljihun nan ba ruwansa da filin daga, sakamakon jarabawar harbi ne kawai da aka yi a cikin bariki.

Babban kuskuren ke nan, ɗaukar bajon harbi a matsayin lambar jarumta. Sojan ƙasa na Amurka, ko mai dafa abinci ne ko akawun ofis, sai ya je filin harbi an gwada shi da bindigarsa. Harsashi 40 ake ba shi, mutum-mutumi 40 ne za su riƙa tasowa suna komawa, na kusa mita 50 na nesa mita 300, kowanne daƙiƙu kaɗan zai yi a tsaye, in ka yi nawa ya tafi ke nan. Zai yi harbi a kwance, ya yi a durƙushe, ya yi a tsaye a bayan shinge, yana canza gidan harsashi da kansa ba mai jiransa. Abin da ya kayar shi za a ƙirga. Kaga kuwa mutumin da ko ƙarar bom bai taɓa ji ba zai iya samun bajo mafi girma. In kana so ka gane wanda ya shiga wuta da gaske cikin sojan ƙafa, ɗaga idonka sama da ribbon ɗin nan masu launi, akwai wani bajo shuɗi mai tsawo da hoton tsohuwar bindiga irin ta toka a ciki da ganye kewaye da shi, tun 1943 ake bayar da shi ga wanda ya yi artabu. Shi ma a lura, akwai ɗan'uwansa mai kama da shi sak amma babu ganyen, wannan kuma na cin gwajin ƙwarewar sojan ƙafa ne.

Sai kuskure na biyu wanda finafinai suka jawo mana, wato jera matakan a birkice. Mutum ya ji an ce Sharpshooter sai ya ɗauka ai shi ne ƙarshen gwani tunda sunan ya fi daɗi a kunne. A'a wallahi, na tsakiya ne. A Amurka wanda ya kayar da 23 zuwa 29 shi ne Marksman, shi ne na ƙasa, ya dai tsallake da ƙyar. Daga 30 zuwa 35 Sharpshooter, daga 36 zuwa 40 Expert. Wanda ya gaza 23 kuwa sai ya sake komawa. Da ido ma za ka bambance su, na ƙasa kuros ne zalla, na tsakiya an ɗora masa da'irar saiti a tsakiya, na sama kuma an ƙara kewaye shi da ganye.

Amma fa kar ka ɗauki wannan ma'aunin ka kai shi Ingila, nan ne wasu suke sake zamewa. A sojan Birtaniya in an ce mutum Marksman ne yabo ne babba, yana cikin gwanaye, alamarsa kuma bindigogi biyu a gicciye da ake ɗinkawa a hannun riga, ba ƙarfe mai reto a ƙirji ba. Kalma ɗaya, a can ƙarshen layi a nan gaban layi. Don haka kafin ka buɗe baki ka fara tambayar kanka sojan wace ƙasa ne wannan, kuma wane ɓangare. Ko a Amurkan ma ba ɗaya ba ne, sojan Marin, wato rundunar da ke kai farmaki daga teku zuwa tudu, suna da nasu daban, har yadi 500 suke harbi, bajonsu na ƙasa murabba'i ne kuma su da kansu suna yi masa ba'a wai kwalin fiza, ba wanda yake son a gan shi da shi. Sojan ruwa da na sama su ribbon suke sawa.

Wani abin da mutane ba sa kulawa da shi shi ne ƴan sandunan ƙarfen da ke rataye a ƙasan bajon. Ba ado ba ne, kuma ba adadin yaƙin da mutum ya je ba ne kamar yadda na ji wani yana rantsuwa. Kowanne an rubuta sunan makamin da aka ci gwajin da shi, bindigar kafaɗa, fistol, mashinga, gurneti, bindigar tankar yaƙi, igwa. Ma'ana mutum zai iya zama Expert a jifan gurneti alhali a bindiga Marksman ne, sai ya sa bajo biyu daban kowanne da sandarsa, kuma ba a yarda ya wuce bajo uku ba. Toh in ka ga ganye kar ka yi saurin cewa maharbi ne, karanta abin da ke ƙasa tukuna. Ɓangaren manyan bindigogi ma aikinsu daban ne, mai saita igwa sau da yawa ko ganin abin da yake harbi ba ya yi, lissafin kusurwa da nisa ake ba shi ya juya bakin bindiga daidai, shi ya sa a rundunar igwa ta Birtaniya aka yi wa masu saiti tasu alamar, harafin L a cikin ganye.

Sannan bajon nan ba na har abada ba ne, wannan ma ana yawan mantawa. Sakamakon gwajinka na ƙarshe kake sawa, in bana ka yi 37 baɗi ka yi 28 sai ka cire mai ganye ka sa kuros zalla, ba zancen ai da can ni gwani ne. Misalin da aka fi kawowa shi ne Lee Harvey Oswald, mutumin da hukumar bincike ta ce shi ya harbe shugaba Kennedy a 1963. Lokacin yana Marin a 1956 ya ci maki 212 a ma'auninsu na Marin, ya shiga Sharpshooter da tazarar maki biyu, a 1959 kuma ya sauko 191, maki ɗaya kacal sama da mafi ƙanƙantar abin da ake karɓa. Har yau masu gardama kowa sai ya ɗauko shekarar da ta dace da maganarsa. Wanda yake zama na dindindin shi ne na gasa, irin Distinguished da sai ka tara maki 30 a gasanni, ko tambarin mutum ɗari na farko a gasar shugaban ƙasa da ake yi a Camp Perry a jihar Ohayo.

Kuma don Allah a daina kiran duk mai bajon Expert sinaifa, wato maharbin da ke ɓuya ya yi harbi daga nesa. Zama sinaifa makaranta ce guda ta makonni a jihar Jojiya, harbin ma wani yanki ne kawai, akwai ɓuya da rarrafe da ƙiyasin iska da nisa.

Na ƙarshe shi ya fi ba ni dariya saboda Hausarmu ce take ruɗa mu. Mu in an ce igiya a soja muƙami ake nufi, mai igiya biyu kofur, mai igiya uku saje, sai aka ga sojan Jamus ko na Amurka da wata tufkakkiyar igiya mai ruwan azurfa daga kafaɗar dama ta zagayo ƙirji, aka ce ai babban hafsa ne. Alhali ita lambar harbi ce ta Jamusawa, suna kiranta Schützenschnur, mataki uku gare ta, tagulla da azurfa da zinare, kuma launin yana jikin ɗan farantin da ke kusa da kafaɗa, ba jikin igiyar ba. Suna ba sojojin ƙawayensu ma in sun ci gwajin, shi ya sa ake ganinta a jikin Amurkawan da suka zauna a Jamus. Hafsa zai iya cin gwajin a ba shi takarda amma ba ya sa ta a kaki, ƙananan sojoji da su saje ne kaɗai suke ratayawa.