Yadda Ake Shirya Gasar Haɗa Sanwici a Gida Ba Tare da Burodi Ya Jiƙe Ba

Gasar sanwici tsakanin 'yan uwa ko maƙwabta ba ta buƙatar babban kicin. Abin da ke kayar da masu farawa kusan kullum guda ne: kafin faranti ya kai gaban alƙalai, burodin ya sha ruwan tumatir ya koma kamar an tsoma shi a shayi.

Uwargida, ki fara da yawan masu gasa. Mutum 4 zuwa 6 sun isa, in suka wuce haka sai rigimar kasko ta tashi. Alƙalai su zama 3, don kada a yi kunnen doki. Ki sa ranar Lahadi bayan azahar, domin a ranar aiki a Legas wadda za ta taso daga Obalende ko Idi-Araba zuwa Agege gosulo zai cinye mata rabin yini.

Maganar kuɗi a gama ta tun farko. A yi karo-karo, mutum ɗaya ya sayo burodi, ƙwai, bota da bama, kayan lambu kuma a ɗauko su a dunƙule a kasuwar Mile 12, ya fi sauƙi a kan tsinta-tsinta a bakin layi. Kowace mai gasa ta zo da abu biyu kacal na sirrinta. In ba a sa wannan iyaka ba, wata za ta zo da cukun kanti mai tsada, gasar ta koma ta aljihu.

Yanzu burodi. Burodin Agege yana da laushi da danƙo, yana kuma tsotse ruwa kamar soso. Ki sayi na jiya, na yau murƙushewa yake a ƙarƙashin wuƙa. Ki yanka da wuƙa mai haƙora, kaurin santimita 2, wato kamar kaurin babban yatsa. Ki shafa bota a gefen da zai kalli ciki, ki kifa shi a kasko kan wuta matsakaiciya na minti 2, har ya yi ja. A nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu: suna ciro shi su kwantar a faranti, tururin ya rasa mafita ya koma cikin burodin. Ki jingina yankan biyu a tsaye, ko ki ɗora su kan raga su sha iska. Kada kuma a gasa tun da wuri, iskar Legas cike take da danshi, nan da nan take mayar da gasasshen burodi lagwaf.

Tumatir shi ne babban mai laifi. Ki zaɓi mai tauri, ki yanka, ki kwashe 'ya'yan da ruwan ciki, ki barbaɗa gishiri kaɗan ki bar shi minti 10 a kan kyalle mai tsabta. Gishirin zai janyo ruwan tun a waje. Wanda ya tsallake wannan, gishirin da ke cikin nama ne zai janyo ruwan a cikin sanwicin. Kokwamba ma haka za a yi mata. Latas a wanke, a goge kowane ganye har ya bushe, girgizawa kawai ba ta isa ba. Albasa a yanka siriri a jiƙa a ruwan lemun tsami da ɗan sukari minti 15, sannan a matse.

Jerin ma da ƙa'idarsa. Maiƙo ne ke taɓa burodi sama da ƙasa, ko bota ko bama, domin ruwa ba ya ratsa mai. Sai latas, sai nama, tumatir a tsakiya can inda ba zai ga burodi ba. Nama ko ƙwai da aka sauke yanzu a bar shi ya huce minti 5, in ba haka ba zafinsa zai narkar da bama ya kashe latas. A ba kowa minti 45, amma haɗawar sai a minti 10 na ƙarshe.

Abin da za a cusa ciki, nan ne gwaninta take. Tsire da aka yanka ƙanana yana tafiya da bama cokali 3, yaji ƙaramin cokali 1 da matsin lemun tsami. Tunda yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yinsa, a tambayi alƙalai ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Dambun nama a bushe yake, sai an haɗa shi da dakakkiyar fiya. Soyayyiyar awara da miyar attaruhu mai kauri tana doke nama sau da yawa, ga araha. Soyayyiyar ayaba da ƙwai ma tana da masoya. Kilishi dai a ganina a bar shi: cizo ɗaya zai janyo duk abin da ke ciki ya zubo a cinyar alƙali. Mai kifin gwangwani ta tsiyaye man tas.

Bama da ƙwai kada su wuce awa 2 a waje, in ana zafi sosai awa 1. Ki tanadi kula da ƙanƙara, kada ki dogara da wutar NEPA.

Wajen alƙalanci, kada kowa ya fara lokaci guda, faranti na ƙarshe zai yi ta jira har ya jiƙe ba da laifin mai shi ba. A jefa ƙuri'a, a sa tazarar minti 5 tsakanin mai gasa da mai bi mata. Alƙalai su zauna a falo, a kai musu faranti da lamba ba suna, a soke sanwicin da tsinke a yanka gida uku, su kurɓi ruwa tsakanin ɗaya da ɗaya. Maki 20 ne: ɗanɗano 10, sabon tunani 5, sai 5 ga sanwicin da aka ɗaga da hannu ɗaya bai wargaje ba. Wadda ta zo ta ɗaya a ba ta wuƙar burodi, biyun ƙarshe su wanke kasko da faranta.