Yadda za ka ƙalubalanci ƙarin kuɗin da kamfanin na'urar CPAP ya ɗora maka

Duk wanda likita ya tabbatar masa da lalurar ɗaukewar numfashi a cikin barci ya san wahalar da aka sha kafin a kai ga na'ura: minsharin da ke hana iyali runtsawa, tashi da ciwon kai, gyangyaɗi da rana tsaka, sannan kwanan gwaji da wayoyi manne a jiki. Na'urar CPAP ta iso, tana hura iska tana riƙe maƙogwaro a buɗe, mutum ya fara samun barci mai daɗi. Ana cikin haka sai ga takardar neman kuɗi daga kamfanin da ya kawo ta, ɗauke da abubuwan da ba wanda ya ambata tun farko: kuɗin kawowa, kuɗin haɗawa, ko wani ragowa da aka ce inshora bai biya ba. Mutane da yawa biya suke yi don gudun rigima, abin kuma yana damuna, domin sau tari kuɗin ba hakkin kamfanin ba ne. Kada ka fitar da ko sisi sai ka ajiye takardarsu kusa da ta kamfanin inshorarka ka gwada.

Dokoki da wa'adin da zan kawo na Amurka ne, na shirin gwamnati na Medicare da na kamfanonin inshora masu zaman kansu.

Fara da takarda biyu

Ta farko ita ce takardar kuɗi mai filla-filla daga kamfanin na'urar. Idan jimla kawai suka aiko, buga musu waya ka ce kana son wadda ta jera kowane kaya da ranarsa da lambarsa. Kowane kaya yana da lambar da ake tura wa inshora da ita: E0601 ita ce na'urar kanta, E0562 tankin ɗumama iska, A7030 takunkumin da ke rufe hanci da baki, A7034 na hanci kaɗai, A7037 tiyo, A7038 matatar da ake yarwa.

Ta biyu ita ce bayanin da inshora ke aiko maka bayan ya duba buƙatar biya. Kamfanoni masu zaman kansu suna kiranta EOB, masu Medicare na asali kuma, wato wanda gwamnati ke gudanarwa kai tsaye, MSN suke samu. Ba takardar neman kuɗi ba ce, amma ita ce makaminka. A cikinta akwai adadin da kamfanin ya nema, da adadin da inshora ya amince da shi, da abin da ya biya, da abin da ya rage a kanka.

Gwada su layi da layi

A nan aikin yake, don haka ka nutsu. Kamfanin da ke da yarjejeniya da inshorarka ya riga ya sa hannu cewa zai karɓi farashin da aka amince a matsayin cikakken biya. Mu ƙaddara ya rubuta dala 300 a kan takunkumi, inshora ya amince da 120, ya biya 96. Naka 24 ne. Sauran 180 ɗin kamfanin ne zai shafe su daga littafinsa, kuma idan ya turo maka su ya saɓa yarjejeniyarsa. A Medicare ma haka abin yake ga kamfanin da ya yarda da farashin shirin: bayan ka cika kuɗin farkon shekara, wato adadin da kake biya daga aljihunka kafin shirin ya fara biya, na Sashe na B (ɓangaren Medicare da ke biyan irin waɗannan kaya), kashi 20 cikin ɗari ne naka, shirin ya ɗauki 80. Kawo kaya gida da haɗa su da koya maka amfani da su duk suna cikin wannan farashi, ba a cajinsu daban.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani. Kamfanin kayan jinya da bai yarda da farashin Medicare ba ba shi da iyakar abin da zai caje ka, saɓanin likitoci da doka ta taƙaita wa ƙarin da za su yi. Shi ya sa tambayar farko ga kowane kamfani, tun kafin a sauke kwali a ƙofarka, ita ce ko yana cikin tsarin inshorarka kuma ya yarda da farashinsa.

Sai batun haya, wanda ya fi rikita mutane. Yawanci ba sayar maka da na'urar ake yi kai tsaye ba. A Medicare haya ce ta wata 13 a jere, daga nan ta zama taka. Ƙirga watannin da kanka. Idan aka ci gaba da cajin haya a wata na 14, kuskure ne. A tsawon hayar kuma gyaran na'urar a wuyan kamfanin yake. Sai dai a yi adalci: wani lokaci kamfanin yana da gaskiya. Wanda ya karɓi na'ura a watan Oktoba zai iya ganin kuɗinsa ya yi tsalle a Janairu, saboda kuɗin farkon shekara ya dawo sabo. Wannan yana da ciwo, amma halal ne, kuma takardar inshora za ta nuna shi.

Duba kayan canji ma. Medicare yana biyan takunkumi da tiyo duk wata uku, igiyar kai da kwanon ruwa duk wata shida, matata biyu a wata. Dokarsa ta wajabta wa kamfani ya tuntuɓe ka ya tabbatar kana buƙatar kayan kafin ya aiko. Idan kwalaye suna ta zuwa ba da izininka ba, ko an caje ka kayan da ba ka taɓa gani ba, ka nemi shaidar isarwa da shaidar ranar da ka amince.

Me ka sa wa hannu?

Ranar karɓar na'ura akan miƙa wa mutum takardu da yawa, ya rattaba hannu yana sauri. Nemi kwafinsu duka. A Medicare na asali, idan kamfanin ya ce ya ba ka samfuri mafi tsada, ko kuma ya san Medicare na iya ƙin biya, dole ne ya ba ka takardar gargaɗi da ake kira ABN kafin ya miƙa kayan, da ƙiyasin kuɗin a jiki. In babu ita, ko bayan ka karɓi kayan aka kawo ta, galibi ba shi da hurumin ɗora maka kuɗin. Masu QMB kuwa, wato marasa ƙarfin da Medicaid, shirin gwamnati na tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi a kuɗin jinya, ke ɗaukar musu kasonsu na Medicare, doka ta hana a caje su wannan kaso kwata-kwata.

Kira inshora tukuna, sannan kamfanin

Buga lambar da ke bayan katinka, ko 1-800-MEDICARE. Karanta musu layin da ke damunka, ka tambaya: nawa ne a kaina a kan wannan, kuma yarjejeniyarku ta ba kamfanin damar wannan caji? Rubuta rana da sunan wanda ya amsa da lambar shaidar kiran. In da hali, roƙe su su haɗa kiran da kamfanin na'urar kana kan layi. Maganar da za a yi ta ja da kai sati uku takan mutu cikin minti goma idan inshora ne ya yi ta.

Bayan haka rubuta wa sashen kuɗi na kamfanin wasiƙa gajeriya: lambar asusunka, layin da ba ka yarda da shi ba, dalili, da kwafin takardar inshora. Ka nemi su gyara, su kuma dakatar da tura asusun ga masu karɓar bashi har a warware. Aika ta wasiƙar rajista ka adana rasit. Kason da ka tabbata naka ne ka biya shi, don kada a ce taurin bashi kake yi. Idan suna riƙe da katin bankinka suna cira da kansu, janye izinin a rubuce.

Idan inshora ne ya ƙi biya

Wannan hanya daban ce, sunanta ɗaukaka ƙara. Babban abin da ke jawo ƙin biyan CPAP shi ne sharaɗin amfani. Medicare yana son a ga ka sa na'urar aƙalla awa huɗu a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare 30 a jere, cikin wata ukun farko, sannan ka koma wurin likita tsakanin rana ta 31 da ta 91 ya rubuta cewa tana taimaka maka. Kamfanonin inshora da dama sun ari wannan ma'auni. Na'urar tana adana awanninka, saboda haka nemi rahoton ka duba. Akan samu wanda ya cika sharaɗi amma ba a tura rahotonsa ba, ko takardar likita ta maƙale a hanya. Haɗa rahoton da sakamakon gwajin barci da wasiƙar likita.

Wa'adi ba ya jira. A Medicare na asali kana da kwana 120 daga samun MSN. A inshora mai zaman kansa doka ta ba ka kwana 180, idan kuma suka sake ƙi bisa cewa ba larurar jinya ba ce, kana da wata huɗu ka nemi wani mai dubawa na waje, wanda hukuncinsa ya hau kan kamfanin inshorar. Idan an yi biris da kai, kai ƙorafi hukumar inshora ta jiharka. Wanda inshorarsa ta wurin aiki ce kuma ma'aikatar ke biya daga aljihunta, Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya zai nufa. Kowace jiha kuma tana da shirin SHIP mai ba masu Medicare shawara kyauta.

Idan masu karɓar bashi suka riga suka rubuto, kana da kwana 30 daga sanarwarsu ta farko ka musanta bashin a rubuce, kuma dole su tsaya har sai sun kawo hujja.

Duk tsawon wannan ja-in-ja, don Allah kada haushi ya sa ka ajiye na'urar ko ka mayar da ita. Lalurar da ba a kula da ita ba tana ƙara hatsarin hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ga barci a kan sitiyari. Kuma awannin da na'urar ke rubutawa kowane dare su ne shaidar da za ka gabatar idan inshora ya tambaya. Idan takunkumin ne ke takura maka, faɗa wa likita a canza maka wani.