Kurakuran da ake yi kan firosesa da tsaron na'ura

Wanda na fi ji a bakin mutane shi ne: "Ai tawa ba irin ta kowa ba ce, masu kutse ba su da lokacinta." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Umarnin da aka rubuta wa firosesa (ƙwaƙwalwar na'ura) nau'in x86, irin ta Intel da AMD, ba ya aiki kai tsaye a kan nau'in ARM, kowace da yarenta. Mai kutse kuwa ɗan kasuwa ne, inda jama'a suka taru nan yake baje kolinsa, shi ya sa Windows ta daɗe tana shan duka. Sai dai ƙarancin masu amfani ba katanga ba ne. A 2012 muguwar manhajar Flashback ta shiga kwamfutocin Mac sama da 500,000 ta wata kafa a manhajar Java. Apple ya fito da firosesarsa ta M1 a ƙarshen 2020, kafin a yi nisa cikin 2021 an ga mugayen manhajojin da aka ƙera dominta. Ko wace iri ce taka, bar sabuntawa a kunne.

Sai mantawa da ƙananan na'urori. Muguwar manhajar Mirai ta 2016 ba ta tsaya zaɓe ba, an haɗa ta don firosesa nau'in ARM da MIPS da wasunsu. Ta bi rauta (na'urar raba intanet) da kyamarorin tsaro tana gwada kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, irin su admin da 12345. Duba bayan rautarka. Idan kalmar da ke jikin takardar ce har yau, sauya ta.

Da Meltdown da Spectre, wasu kafofin kutse biyu a cikin firosesa, suka bayyana a Janairun 2018, wasu suka ce ai matsalar Intel ce. Meltdown ta fi shafar Intel, gaskiya ne, amma Spectre ta taɓa har AMD da ARM. Tushen abin dabarar sauri ce: firosesa tana hasashen umarni na gaba ta fara aiwatarwa, idan hasashen bai yi daidai ba ta janye, amma sawun ya rage a ma'ajiyarta ta kusa, daga nan ake tsintar sirri. Ka sabunta burauza da babbar manhajar na'urar, sannan ka leƙa shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ka ɗauko sabon BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta idan an kunna ta. Wannan na ƙarshen, sau da yawa sai ka nema da kanka.