Injin wanke-wanken da ka tarar a gidan haya ba naka ba ne

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wani ƙanenmu da bai cika wata biyu da zuwa nan ƙasar waje ba ya bugo mini waya, muryarsa tana rawa. "Yaya, kicin ɗina ya cika da kumfa, har ta kai bakin falo." Ban tambaye shi abin da ya faru ba, na dai tambaye shi wane sabulu ya zuba a injin wanke-wanke. Ya ce wanda ake wanke kwanuka da shi mana. Na ce to, kai ne na uku a bana, ni kuma na riga ku duka da shekaru.

Mu gama da wannan tukuna, don shi ne mai sauƙi. Sabulun ruwa na wanke-wanke da hannu an yi shi ne don ya yi kumfa, shi kuwa inji kumfa ce abokiyar gabarsa, domin da ƙarfin feshin ruwa yake wanki, kumfa kuma tana kashe ƙarfin feshin ta kuma tunkuɗo ruwa ta bakin ƙofa. Yana da nasa sabulun, na gari ko na dunƙule, wanda ba ya kumfa. Idan ka riga ka yi kuskuren, kashe injin, ka kwashe ruwan da kofi, ka zuba cokali ɗaya ko biyu na man girki a ƙasansa don ya kwantar da kumfar, sannan ka yi ta kunna ɗauraya har ta ƙare. Sabulun injin kuma ka ɗora shi inda hannun yara ba ya kaiwa. Dunƙulen yana da launi kamar alewa, alhali yana ƙona baki da maƙogwaro.

Jera kaya ma ba abin dogon bayani ba ne. Kankare ragowar abinci a shara, amma ba sai ka wanke kwano tas kafin ka saka ba. Kifa kofuna da kwanuka, kada ka cusa su cikin juna, wuƙa kuma bakinta ƙasa. Kayan katako suna tsagewa, na alminiyam suna yin baƙi, tukunyar ƙarfe mai nauyi tana tsatsa, to waɗannan hannu ne nasu. Kafin ka rufe ƙofa, juya fuka-fukan nan masu fesa ruwa da yatsa ka ga ko wani dogon cokali ya tare su. Mafi yawan masu ce mini "injin nan ba ya wanki" abin da ke damunsu ke nan. Wasu kuma tsoro suke ji idan suka ga ya yi awa uku ko huɗu yana aiki, sai su kashe shi a tsakiya. Lafiyarsa lau. Tsarin tattalin wuta ne, yana wanki da ruwa mai zafin kusan digiri 50 a madadin 65 ko 70, sai ya rama da tsawon lokaci, kuma duk wankin da lita goma ko kusa da haka yake gama shi.

Abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu shi ne tsabta. Shiga gidan ɗan uwa ko na 'yar uwa a nan, ka ga ko'ina yana ƙyalli, har baƙi na yabawa. Amma ka ce su nuna maka matacin injin, sai a tsaya ana kallonka. A ƙasan injin yake, ƙarƙashin kwandon ƙasa, wani abu kamar kofi mai raga. Murɗa shi hagu ka zaro, ka ɗaga faifan ragar da ke kewaye da shi, ka wanke su a famfo da tsohon buroshin haƙori. Sau ɗaya a mako idan gidan da yawa, ko bayan mako biyu. Wari, da ruwan da ke kwanciya a ƙasa, da ɗan tsaki-tsakin da ke manne wa kofuna, duk daga nan suke farawa. Ramukan fuka-fukan kuma tsinken sakace ya ishe su. Robar bakin ƙofa, musamman ta ƙasa inda ruwan feshi ba ya kaiwa, a goge ta da tsumma. Lokaci-lokaci a kunna shi babu kaya a tsari mafi zafi, don maiƙon da ya daskare a hanyoyin ruwa ya narke.

Sai maganar gishiri, wadda ke rikita kowa. Injinan da ake sayarwa a Turai kusan duk suna da wani rami mai murfi a ƙasa, kusa da matacin, na zuba gishiri. Yawancin na Amurka ba su da shi. Gishirin ba wanki yake yi ba. A wurare da yawa ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin alli, wanda ke barin farin tabo a gilashi ya kuma daskare a kan abin da ke dafa ruwan. Akwai wani sashe a cikin injin da ke kama wannan sinadarin, gishiri kuma shi ke wanke sashen ya farfaɗo da shi. Nasa gishirin daban ne, mai manyan ƙwayoyi, kada ka zuba na girki, don an gauraya shi da abin hana dunƙulewa. Kada kuma ka firgita idan ka buɗe ramin ka gan shi cike da ruwa, haka yake zama. In gishiri ya zube a ƙasan injin, kunna ɗauraya nan take, in ba haka ba tsatsa za ta fito. Ɗan akwatin da ke jikin ƙofa kusa da na sabulu kuma na ruwan ƙyalli ne, shi ke sa ruwa ya zame daga jikin kaya su bushe.

To, duk wannan ba shi ya sa na zauna rubutu ba. Abin da ya ci ni, ya kuma ci kuɗin ajiyar da na ba mai gida lokacin kama haya kaf, shi ne shiru.

A gidan haya na biyu da na zauna, wata rana injin ya tsaya a tsakiyar wanki yana ta gurnani, wata 'yar fitila tana ƙyaftawa. Na kashe na kunna, gurnanin bai daina ba. Ban san cewa a can ƙarƙashin injin, inda ido ba ya gani, akwai wani faranti da aka yi don tare ɗigon ruwa ba. A cikinsa akwai ɗan abu mai iyo, da ruwa ya taru ya ɗaga shi sai injin ya rufe shigar ruwa ya shiga zuƙe na ciki. Masu Bosch ko Siemens za su ga E15 a allo idan haka ta faru. Nawa ko allo ba shi da shi. Ma'anar dai ɗaya ce: inji yana gaya maka cewa yana yoyo.

Na tambayi wani da ya riga ni zuwa, ya ce abu mai sauƙi, jawo shi ka karkata shi ruwan ya zube. Na karkata, ruwa ya malalo, na goge, inji ya tashi kamar sabo. Na ji daɗi har na riƙa koya wa wasu, Allah Ya yafe mini. Bayan mako uku ya sake, na sake karkatawa. Haka muka yi ta yi wata da watanni. Ban gaya wa mai gidan ba, kuma dalilina shi ne dalilin da nake ji a bakin sababbin zuwa har yau: kada a ce ni na lalata, kada a ga baƙo ya cika ƙorafi, kada a ƙi sabunta mini haya. Kunya da tsoro, ka ga ba ɗaya daga cikinsu da ke tare ruwa.

Na ga katakon daɓen gaban injin ya ɗan kumbura, na shimfiɗa masa tabarmar ƙafa. Na ji warin danshi, na buɗe taga. Ranar da maƙwabciyata ta ƙasa ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce in sauko in ga silin ɗinta, na san an zo wurin. Mai gyara ya zo ya jawo injin, cikin minti kaɗan ya nuna mana tiyon fitar da ruwa ya tsage a inda ya lanƙwashe, tsufa ne kawai. Sai mai gidan ya dube ni cikin natsuwa ya tambaye ni yaushe na fara lura. Na faɗi gaskiya. Ya buɗe takardar yarjejeniyar da na sa wa hannu ban karanta ba, ya ɗora yatsa a kan layin da ya ce wajibi ne ɗan haya ya sanar da duk wata ɓarna da zarar ya gan ta. Tiyon nasa ne, da na yi magana a ranar farko shi zai biya, ko sisina ba za ta yi ciwon kai ba. Daɓen da ya ruɓe, da ƙasan kabad, da silin matar nan, waɗannan jinkirina ne ya jawo su, saboda haka nawa ne. Ba ni da inshorar da ke biyan ɓarnar da mutum ya yi wa dukiyar wani, ban ma san akwai ta ba. Da aka zo lissafin fita, har wani tsohon karce a ƙofar injin da na tarar aka jingina mini, domin ba ni da hoto ko ɗaya na ranar da na shiga.

Saboda haka ɗan uwa, ranar da aka miƙa maka makulli, kafin ka kwance jaka, buɗe injin nan ka ɗauki hoton ciki da waje da daɓen gabansa da ƙarƙashin kwamin wanke-wanke. Kunna shi babu kaya ka zauna ka gani. Idan an ba ka takardar lissafin kayan gida, kada ka sa hannu sai abin da ka gani ya shiga ciki. Duk abin da ya taso daga baya, rubuta shi a imel ko saƙo, da hoto da kwanan wata. Kiran waya iska ne, ranar gardama ba wanda zai tuna. Ka kuma karanta abin da yarjejeniyar ta ce game da kayan wuta, domin dokoki sun bambanta. A Ingila dole mai gida ya saka kuɗin ajiyarka a wani asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, kuma a can ake raba gardama, da hujja a rubuce. A Jamus kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku, amma yarjejeniya da yawa tana ɗora wa ɗan haya ƙananan gyare-gyare. Wani wurin ma za ka tarar injin na wanda ya tashi ne ya bari, mai gida ya ce babu ruwansa. Gara ka sani tun yau.

Ina iyakar hannunka? Wanke mataci, buɗe ramukan feshi, duba ko tiyo ya lanƙwashe a bayan kabad, wanke magudanar ƙarƙashin kwami idan ta toshe, duk naka ne. Idan ruwa ya kwanta kuma matacin fes yake, cire soket, kwashe ruwan, ka duba ɗan murfin da ke gefen ramin matacin, a nan farfelar fitar da ruwa take, sau da yawa ɓallin gilashi ne ke maƙale mata, don haka kada ka zura yatsa tsirara. Masu zama a Amurka, in an sa muku sabon injin niƙa shara a ƙarƙashin kwami sai injin wanke-wanke ya daina fitar da ruwa, toshiyar robar da ke bakin mahaɗarsu ce aka manta ba a ɓalle ba. Amma da zarar magana ta kai ga sukurdireba da buɗe cikin inji, ko warin ƙonewa, ko wutar gida tana ɗaukewa duk sanda ka kunna, ko ruwa a ƙasa, to ka tsaya. Wuta da ruwa ne a wuri ɗaya, kuma kayan wani ne. Na san muna da masu hannu a cikinmu, wasu ma sana'arsu ce tun kafin su zo, amma gyaran da mai gida bai yarda da shi a rubuce ba yana iya kashe garanti ya kuma mayar da laifin kanka.

Akwai wani ɗan famfo a ƙarƙashin kwami wanda ke ba injin ruwa. Nemo shi yau, ka murɗa ka ji yana rufuwa, ka nuna wa duk wanda kuke zaune tare. Ni yanzu ba na kunna injin in fita, ba na kuma kunna shi in kwanta, in zan yi tafiya kuwa sai na rufe famfon nan. Shi kuwa ƙanen namu mai kumfa, sai da ya yi ɗauraya huɗu kafin ta ƙare. Washegari na je na sa shi ya zare allon ƙasan injin ya haska da fitilar waya, muka tarar da danshi ya shiga ƙarƙashin daɓe kaɗan. Ya ce, "Yaya, ai zai bushe, kada mu tayar da magana." Ban bar gidan ba sai da na ga imel ɗin ya tafi, da hotuna uku a jikinsa.