Kafin ki sayi keken tura jariri

Salam 'yan uwa mata, musamman masu zuwa aiki ko makaranta nan Gusau, don Allah kar kyan kala ya ruɗe ki. Ki fara ɗaga shi da hannu ɗaya a shagon, in ya wuce kilo 7 to wallahi wahala za ki sha, tunda kullum sai kin naɗe shi kin saka a keke napep ga yaro a ɗayan hannun ga jaka kuma.

Ni na farko da na saya ƙafafunsa 'yan ƙanana ne, yashin layinmu na Tudun Wada kawai yake nutsewa, ƙarshe goyo na koma, shi yasa nake cewa ki duba taya sosai. Ki gwada birki, ki tabbatar bel ɗin yana kama kafaɗu da ƙugu da tsakanin ƙafafu, ko da gwanjo ne.

In jaririn bai kai wata 6 ba sai wanda kujerarsa ke kwanciya sosai, wuyansa bai yi ƙwari ba tukun. Kuma don Allah kar a lulluɓe keken da zani saboda rana, zafi taruwa yake a ciki, rumfarsa da net ɗin sauro sun isa.