Darasi na 9: Kula da Takobin Japan a Gida

Takobin Japan da aka fi sani shi ne katana, dogo ne mai ɗan lanƙwasa, kaifinsa a gefe ɗaya. Akwai matsakaici, wakizashi, da ƙarami mai kama da wuƙa, tanto. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin Amurka sun koma gida da takubba masu yawa, har yau ana tsintar su a ɗakunan ajiya sun yi tsatsa. Abin da ke fara zuwa wa mai takobin a rai shi ne ya nemi samfefa ko injin wasa wuƙa. Nan ɓarna take farawa.

Me ya sa ba a gurza shi?

Maƙeran Japan suna ƙera takobi da ƙarfen da suke kira tamahagane, wanda ake narkawa daga baƙin yashi mai ƙarfe da gawayi. Jikin takobin ƙarfe mai tauri ne a waje, mai ɗan laushi a ciki. Kafin a gasa takobin a tsoma shi a ruwa don ya yi tauri, maƙeri yakan shafe shi da yumɓu, da kauri a baya, kaɗan a bakin kaifi. Shi ya sa wani farin zane yake bin bakin takobin, sunansa hamon. Wannan zane da ƙirar jikin ƙarfen su ne darajar takobi.

Duk washi yana cin ƙarfe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. In aka cinye ɓawon waje, ƙarfen ciki ya fito, Japanawa sai su ce takobin ya gaji. Inji kuwa ya fi muni, domin zafinsa yana iya lalata taurin kaifin.

A Japan, wasa takobi sana'a ce daban da ƙira. Mai yin ta sunansa togishi, yakan yi kusan shekara 10 yana koyo a hannun maigidansa. Dangin Hon'ami sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan aiki. Togishi yana zaune a ƙasa, ya danne dutse da itace da ƙafarsa, yana goga takobin a kan dutsen. Yana farawa da dutse mai kaushi, ya sauya zuwa mai laushi, har ya kai ga uchigumori da ake haƙowa a yankin Kiyoto. A ƙarshe yakan fere dutsen ya yi sirin takarda, ya ɗora a ɗan yatsa yana bin ƙarfen a hankali. Takobi ɗaya yana iya cin makonni. Wannan ba aikin da za a koya a darasi ɗaya ba ne, kuma a ganina duk wanda ya ce muku za ku iya da yammacin Asabar, bai taɓa ganin takobin da aka lalata ba.

Abin da za ku iya yi da hannunku

Aikin gida shi ne tsayar da tsatsa. Ku tanadi tsumma mai laushi mai tsabta guda biyu, da mai marar kauri. Japanawa suna amfani da man choji mai ƙanshin kanumfari. In babu shi, man keken ɗinki ya wadatar. Kada a sa man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su yi danƙo.

Ku zauna, ku kori yara daga wurin. Ku zare takobin daga kube a hankali, kaifi yana kallon sama. Da tsumma na farko ku share tsohon mai, ku kama ta bayan takobin, ku ja daga gindi zuwa tsini. Sannan ku ɗiga mai kaɗan a tsumma na biyu ku shafa. Kaɗan fa, yadda zai yi sheƙi kawai, domin mai da yawa yana jiƙa kube ya tara datti. Kada yatsa ya taɓa ƙarfen, gumi yana barin tsatsa. Masu takobi a Japan ba sa ma yin magana a kansa, saboda feshin yawu.

Akwai wata 'yar ƙusar gora, mekugi, da ke riƙe mariƙin. In kun ture ta, mariƙin zai fita, ku ga gindin takobin, wato nakago. Za ku gan shi baƙi ƙirin. Ku bar shi yadda yake! A nan maƙeri yake sassaƙa sunansa, kuma da launin wannan baƙar tsatsa masana suke ƙiyasta shekarun takobi. Wanda ya kankare ta ya zubar da kuɗinsa. Jar tsatsa a jikin takobin ita ce mai ci. Ku shafa mata mai, ku goge da tsumma, ku maimaita bayan kwanaki. Abin da ya ƙi fita, na togishi ne.

Ku ajiye takobin a kwance, kaifi sama, a wuri marar laima, ku sabunta man bayan 'yan watanni. Don doguwar ajiya, Japanawa suna sa shi a shirasaya, kuben farin itace marar fenti. In kuna son sanin asalinsa, ku ɗauki hoton gindin da rubutun da ke kai. Ƙungiyar adana takubban Japan, NBTHK, da aka kafa a Tokiyo a 1948, tana duba takubba ta ba su takardar shaida.